Goggon Kati da Kantar Allo

A ɗakin karatun nan na bayan tashar mota babu wanda zai iya tuna ranar da aka fara kiranta Goggon Kati. Ba ta so sunan ba, amma ba ta taɓa ɓata yawunta wajen hanawa ba, don a ganinta mutanen da ba su iya jera littafi goma daidai ba, banza ne a sa ran za su riƙe sunan mutum na gaskiya.

Tana da shekara goma sha tara ta zo wurin, da takardar shaidar iya tafireta a cikin leda. Mahaifinta mai gyaran keken ɗinki ne, mai ƙaramin shago da babban raini. In aka kawo masa keken da wani ya taɓa gyarawa, sai ya buɗe, ya leƙa, ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya tambayi mai keken ko yana da wata tsohuwar gaba da wanda ya yi aikin. A gefen teburinsa ta girma tana miƙa masa sukudireba, kuma abin da ta gada ke nan: idon ganin aibi da tsaki mai tsawo.

Aikinta kati. Duk littafin da ya shigo sai ya bi ta teburinta. Ta duba abin da ya ƙunsa, ta yanke masa lamba, ta buga masa kati biyu, ɗaya da sunan marubuci, ɗaya da sunan fanninsa, ta manna lambar a ƙeyar littafin. Daga nan sai Mai Tsani ya ɗora shi a keken turawa ya kai shi mazauninsa. Mai Tsani shi ne mai jera littattafai, gajere mai sanƙo, ya riga ta fara aiki da shekara biyu, kuma shi kaɗai take ragawa a duk ginin. Shi ma ba kullum ba.

Sauran jama'a kuwa ta gama yanke musu hukunci tun tuni. Ta raina mai lasar yatsa kafin ya buɗe shafi. Ta raina mai lanƙwasa kusurwar takarda, da mai zuwa ya yi barci a ƙarƙashin fanka da littafi a buɗe a ƙirjinsa, da mai cewa a ba shi littafin nan ja da ya karanta bara. Ta auri direban bas, mutum mai sanyin hali da yawan dariya, wanda ke gaya wa abokansa cewa ko cokulan gidansu lamba gare su, kuma shi har yau ba a yanke masa tasa ba, ana kan bincike. Sun haifi uku, duk sun girma sun kama gabansu.

A shekara talatin da uku ta ga shugabanni bakwai sun zo sun wuce. Akwai wanda ya zo ya canza labule, akwai wanda ya zo ya mayar da labulen da. Ba ta riƙe ko ɗaya a zuciya ba. Na takwas ne ya tsaya mata a wuya.

Ya zo da kwat mai ƙyalli da wayoyi biyu, da hankici da yake toshe hanci da shi duk lokacin da ya gitta ta ƙofar ɗakin kantoci, wai ƙura tana tayar masa da mura. A watansa na farko bai shiga tsakanin kantocin ko sau ɗaya ba. Ba ya iya kai zance ƙarshe bai ce a danna nan ba, shi ya sa kafin sati biyu har mai gadi ya san shi da Danna-Nan.

Ranar wata Litinin da safe ya tara ma'aikata ya bayyana musu shirinsa. Za a kwashe littattafai duka a kai sito na bayan gini, a cika babban zaure da kujeru da soket na cajin waya. Mai karatu ba zai ƙara yawo tsakanin kantoci ba. A maimakon haka za a sa wata manhaja a katalog na intanet, wadda ya kira kantar allo.

"Abin mai sauƙi ne," in ji shi, yana murza linzamin kwamfuta. "Mutum yana kwance a gidansa, ya nemi littafi ɗaya a shafinmu. Da ya fito, sai ya danna nan. Nan take allo zai nuna masa littafin a tsaye, ga maƙwabtansa na dama, ga na hagu, kowanne da hoton bangonsa. Ya ja da yatsa, jerin ya yi ta tafiya. Wanda ya yi masa ya zaɓa, mu ɗauko masa daga sito. Ba ƙura, ba ciwon wuya, ba tsani."

Mai Tsani ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

Goggo ta gyara zaman tabaronta. "Yallaɓai, shi allon, wa ya gaya masa wane ne maƙwabcin wane?"

"Lamba yake bi, Goggo."

"Lambar wa?"

"Ta katalog mana."

"To," ta ce, ta naɗe hannuwa. Ta jira ya tambayi wanda ya yanke lambobin nan dubu arba'in. Bai tambaya ba. Ya wuce zuwa batun kalar kujeru.

Ɗan kwangila ya kawo mutum takwas su kwafe katunan cikin kwamfuta. Suka zauna a jere da abin jin kiɗa a kunne, suna zaro kati da hannun da suka gama cin gyaɗa da shi, suna bugawa ba tare da sun kalli allo ba. Aikin da ya ci ƙuruciyarta suka lashe a sati shida. Sau biyu ta je ofishin Danna-Nan ta ce a bar ta ta bi sawunsu kafin a buɗe wa jama'a.

"Goggo, ki huta," ya ce mata yana murmushi, idonsa a kan waya. "Kin yi naki zamanin. Na'ura ba ta kuskure."

Ta tsaya ta yi masa kallon da mahaifinta yake yi wa keken da aka ɓata, sannan ta fita ta ja masa ƙofa a hankali.

Da ta koma gida da yamma ta tarar da maigidanta a tsakar gida yana wanke tsohuwar motarsa. Ta ba shi labari tun ba ta ajiye jaka ba.

"Wai hoton kantar littattafai, Malam. Mutum ya zauna yana shafa gilashi, ya ce ya shiga ɗakin karatu. Kai da ka yi shekara talatin a kan titi, in aka nuna wa fasinja hoton bas, ya isa gida ke nan?"

"Ya danganta da hoton," in ji shi. "In da kwandishan a ciki, wani zai yarda."

Ta yi tsaki ta shige ɗaki, tana jin dariyarsa a bayanta.

Ranar buɗewa aka share zaure, aka rataya majigi, aka jera baƙi a sababbin kujeru masu kalar lemo. Danna-Nan ya yi jawabi na minti arba'in, ya ambaci kalmar zamani sau ashirin da ɗaya, Goggo tana ƙirgawa daga kujerar baya. Da ya gama sai ya ce duk mai so ya faɗi fanni, a nuna masa.

Wata tsohuwa ta ɗaga sanda. Malamar koyar da ungozomomi ce da ta yi ritaya, ta fi shekara arba'in tana aron littafi a wurin, kuma ba ta taɓa mayar da ko ɗaya a makare ba, abin da ya sa Goggo take amsa gaisuwarta da cikakken baki.

"Ɗana, nuna mini wajen littattafan haihuwa," in ji tsohuwar.

Ya buga, ya danna. Jerin ya fito a bango, ƙato. Rabin littattafan ba su da hoto ko kaɗan, sai akwatuna masu ruwan toka a tsaye kamar haƙoran da suka mutu, don tsofaffin bugu ne da babu wanda ya taɓa ɗaukar hoton bangonsu. Ya yi saurin ja zuwa dama. A tsakanin littafin rainon ciki da littafin kula da mai jego, sai ga wani mai hoton agogon bango a buɗe, hanjinsa duk a waje.

Tsohuwar ta ɗaga tabarau ta ƙura ido. "Wannan kuma a wane wata ake haihuwarsa?"

Zaure ya kwashe da dariya. Danna-Nan ya yi yaƙe, ya ja gaba, ya tsaya a kan wani littafi ya ce ga shi allo ya nuna yana nan, yanzu za a ɗauko. Goggo ta san littafin. Shekara tara ke nan da rufin kusurwar gabas ya yi yoyo ya jiƙa shi ya zama dunƙule, ita da hannunta ta rubuta da jan biro a katinsa cewa ya lalace. Masu kwafe kati ba su ga jan biro ba. Mai Tsani ma ya sani, amma da aka aike shi sai ya tafi, ya yi minti goma a sito don mutunci, ya dawo hannu biyu.

Gumi ya keto wa Danna-Nan. Ya goge wuya da hankicin ƙura, ya juya ga baƙi. "Ku yi haƙuri, manyanmu. Matsalar ba daga manhaja take ba. Tsofaffin katunan da muka gada ne cike da kurakurai. Kun san aikin hannu."

Babu wanda ya waiwayo ya kalle ta, kuma wannan ya fi kallon ciwo. Ta miƙe ba gaggawa, ta bi ta gefen bango zuwa lungun da aka tura akwatunan kati, ta jawo aljihu ɗaya, yatsunta suka tafi kai tsaye. Ta dawo ta ratsa tsakiyar zaure, ta ajiye kati biyu a kan teburinsa, daidai ƙarƙashin hasken majigi.

"Yallaɓai, karanta musu na agogon."

Ya duba. Ya kawar da kai.

"Ɗari shida da tamanin da ɗaya," ta faɗa da kanta, da muryar da ta kai kujerar ƙarshe. "Mutanenka suka buga ɗari shida da goma sha takwas, lambar littattafan haihuwa. Ɗayan kuma ga jan biro nan, ko makaho ya shafa zai ji shi. Aikin hannu ke nan."

Ta koma ta zauna. Tsohuwar ungozoma ta buga sandarta a ƙasa sau biyu, aka tashi shan lemo.

Washegari takarda ta same ta a tebur. An ɗora mata bin kantar allo daga lamba ta farko har ta ƙarshe, ta gyara duk abin da ya kauce. Ta gane hukunci ne, ta kuma gane ba shi da wani wanda zai iya. Aka kawo mata kwamfuta aka ajiye a inda tafiretarta ta zauna shekaru. Ta goge linzamin da tsumma kafin ta taɓa shi.

Wata biyar ta yi tana jan jerin nan. Ta ja, ta tsaya, ta zaro kati, ta gwada, ta yi tsaki, ta gyara. In abin ya rikice sai ta aika Mai Tsani sito ya gano da ido. Ta samu littafin kiwon zomo a cikin dokokin ƙasa. Ta samu kundin waƙoƙi a tsakanin cututtukan fata. Ta samu marubuci ɗaya an raba shi gida uku saboda an rubuta sunansa iri uku. Kowanne ta rubuta shi a dogon littafinta, da lambar kuskure da ta daidai, kuma kowanne ya ƙara mata tabbacin abin da ta riga ta sani game da 'yan Adam. Ma'aikatan zaure suka ce daga yawan tsakin da ke fitowa daga ofishinta suke gane ko ranar za ta yi kyau.

A wata na huɗu, wata Laraba kafin azahar, ta iso ɗari shida da tamanin da biyu, wajen littattafan ƙira. Maƙera, uwar maƙera, narka ƙarfe. Sai ga littattafai bakwai a jere, duk a kan haƙar rijiya da tsabtace ruwan sha. Mazauninsu ɗari shida da ashirin da takwas ne, ko a mafarki ta san wannan. Ta ja tsaki tun daga ƙirji, ta jawo aljihu don ta ga yadda masu cin gyaɗa suka juya lambar.

Ba su juya ba. Abin da ke kan katin suka kwafa. Ɗari shida da tamanin da biyu, a buge sarai, har sau bakwai. Ta kai katin kusa da taga. Tsohuwar tafiretarta tana da wani harafi da yake ɗan ɗaga kai sama da layi, ga shi nan yana kallonta a kowane kati. Ta duba kwanan wata a kusurwa, sai ta tuna satin. Tana da tsohon cikin ɗanta na fari, ƙafafunta sun kumbura ba sa shiga takalmi, tana sauri ta gama kwalin ƙarshe kafin ta tafi hutu. Ta buga katunan marubuta, ta ce gobe za ta buga na fanni. Goben a asibiti ta same ta. Ta je ta duba akwatin fanni, ko da yake ta san abin da za ta tarar. Babu su.

Shekara ashirin da shida ke nan. Wanda ya je kantar ruwa bai gan su ba, wanda ya duba katin fanni bai gan su ba. Littattafan ƙira kuwa, kafin a kwashe su zuwa sito, a can ƙasa suke, a lungu bayan ginshiƙi, inda sai mutum ya durƙusa. A allo babu lungu, babu ginshiƙi, kowane littafi tsayinsa ɗaya da ido.

Sai wani mutum ya faɗo mata a rai, wanda ta manta da shi shekaru. Dogo, da busasshiyar laka a ƙafar wandonsa, ya zo sau uku a sati ɗaya yana tambayar ko akwai littafin da ya yi bayanin yadda ake ɗaure bangon rijiya kada ya rufta. A zuwa na uku ta ce masa, ba tare da ta ɗago daga tafireta ba, in da akwai da ya gani, nan ba a ɓoye littafi. Ya ce ya gode, ya sa hularsa ya fita.

Ta aika Mai Tsani ya ɗauko su. Ya kawo su a keke, ya jera mata a tebur. Ta buɗe bayan kowanne, inda ake buga hatimin aro. Takardun fari fat, ko ɗigo babu. Mai Tsani ya ɗauki kati ɗaya, ya nisanta shi da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Goggo, wannan kamar hannun..."

"Hannun wadda ta fi ka ne. Kawo gam."

Ya kawo gam. Suka ɓare tsofaffin lambobi suka manna sababbi. Da zai tura keken ya fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ni ma sau nawa na goge musu ƙura ban karanta ƙeyarsu ba." Wannan karon ba ta yi tsaki ba.

A gida ta yi kwana biyu tana juya abin kafin ta gaya wa maigidanta, suna zaune a inuwa bayan la'asar. Ya saurara har ƙarshe da fuskar jimami, sannan kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ta koma tari, sai da ta miƙa masa ruwa.

"Yau dai na ga ranar," ya ce yana share hawaye. "Ashe ke ma mutum ce. Ni da na yi zaton inji na aura."

"Sha ruwanka."

"To yanzu za ki gaya wa mai kwat ɗin?"

"Zan rubuta. Abin da ya faru shi ake rubutawa."

Ta kuwa rubuta. A rahotonta na ƙarshe, shafi na biyu, layi na farko, ta sa kurakuran masu kwafe kati dubu ɗaya da ɗari da arba'in. A layi na biyu ta sa kurakuran asalin kati guda bakwai, na mai wannan rahoto, da shekarar da bayanin yadda aka yi. Ta kai masa da kanta ta tsaya a gaban teburinsa, ta shirya wa duk abin da zai faɗa. Mutumin da ta tsinka a gaban baƙi, ga shi ta kawo masa sanda har hannu.

Ya karɓa, ya auna nauyin takardun a tafinsa, ya buɗe shafin ƙarshe ya sa hannu.

"Madalla, Goggo. A sa masa bango mai kyau, zan tafi da shi taro."

Ta tsaya kaɗan ko zai buɗe shafi na biyu. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka. A duk rainin da ta yi wa mutane a rayuwarta, babu wanda ya kai na wannan safiyar nauyi, har ta rasa tsakin da zai ɗauke shi. Ta juya ta fita.

Da rahoton ya je taron, Danna-Nan ya nuna wa manya yadda ya tsabtace katalog a wata biyar, kuma kafin shekara ta zagayo aka ɗauke shi zuwa babban ofishi. Shugaba na tara ya zo ya canza kalar kujeru. Mai Tsani ya koma sito gaba ɗaya, yana ɗauko abin da allo ya nema, ya ce aikin bai canza ba, sai dai yanzu ba ya ganin fuskar mai karatu. Goggo ta ƙara shekara biyu ta yi ritaya. A wajen sallamarta aka ba ta allon yabo na katako da kuskuren rubutu a layi na biyu. Ta nuna musu wurin da farce kafin ta ce ta gode.

Autarta ce ta sa mata shafin ɗakin karatun a waya, wai don kada kewa ta dame ta. Goggo ta ce ba ta ga abin kewa a hoton kantar littattafai ba, ta ajiye wayar a kan firji. Bayan sati guda maigidan ya fara lura cewa da ta gama karyawa sai ta ɗauki tabarau da wayar ta koma kujerar bakin taga, tana ja da yatsa ɗaya a miƙe kamar mai taɓa abin da bai bushe ba. Can sai ya ji tsaki, sai ya ji tana neman lamba.

Matar da ta gaji teburinta, mai digiri biyu da haƙuri daidai gwargwado, ta riga ta san lokacin. Ƙarfe tara da rabi wayar ofis take ƙara.

"Ina kwana, Goggo."

"Lafiya. Buɗe ɗari biyar da goma. Littafin nan mai koren bango da kika sa jiya, kin karanta cikinsa ko sunan kawai kika gani?"

"Goggo, sunansa lissafi ne..."

"Lissafin taurari ne. Matsar da shi gaba. Ina nan riƙe da waya."